CIWON FATA MAI ƁAWO DA KUMBURIN GAƁOƁI: JAWABIN LIKITA A CAKE

An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, makarantun yaƙi da jahilci sun buɗe a ƙasar Mayahi. A garin Cake wani ɗalibi ya kasa riƙe alli, don yatsansa ya kumbura. Shi da kansa ya roƙi malamin manya ya kira musu likita, ya yi musu bayani. Likita ya zo, maza da mata suka taru. Ga abin da ya faɗa. Wanda ya karanta, ya karanta wa na gida.

Bayan gaisuwa, likita ya ce: Jama'a, yau maganar ciwo ɗaya za a yi, amma yana da ƙofa biyu. Ƙofa ta farko fata ce. Ƙofa ta biyu gaɓoɓi ne. Mutane da yawa suna tsammani ciwo biyu ne dabam. Sai su kai fata wajen mai magani, su kai gwiwa wajen wanzami. Ba su san tushen ɗaya ba ne.

YADDA CIWON YAKE A FATA

Likitoci suna ce masa soriyazis. A ƙauye ba shi da suna nasa. Wani ya ce kirci ne, wani ya ce makero, wani ya ce kyasbi. Idan a kai ya fito, sai a ce amosanin kai ne. A nan za a kira shi ciwon fata mai ɓawo.

Wani wuri a fata yana yin kauri, ya ɗan tashi, iyakarsa a fili. A kansa akwai ɓawo mai launin toka. In an sosa, ɓawon ya zuba kamar dusa. In an ƙara sosawa, jini ya ɗan tsattsafo. A jikin farar fata wurin ja yake yi. A jikin baƙar fata duhu yake yi, ya fi sauran jiki baƙi, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa wani ciwo dabam. Ya fi son gwiwa, da gwiwar hannu, da fatar kai, da ƙugu. Wani lokaci yana ɓuya a bayan kunne, ko cikin cibiya, ko tsakanin ɗuwawu.

Me ke kawo ɓawon? Fatar mutum kullum tana sabuntawa. Sabuwa ta taso daga ƙasa, tsohuwa ta kaɗe, ba a ma gani. Ga mai lafiya aikin nan yana ɗaukar kamar wata 1. Ga mai wannan ciwo, cikin kwana 3 zuwa 7 sabuwar fata ta iso sama, alhali tsohuwar ba ta kai ga faɗuwa ba. Sai su taru, wata kan wata. Ɓawon ke nan.

Ciwon yana ko'ina a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekarar 2016 cewa masu shi sun kai mutum miliyan 100. A Afirka ta Yamma bai yi yawa kamar a Turai ba. Amma akwai shi. Rashin yawansa ma wata wahala ce, don kafin a gane shi an daɗe.

Nan wani tsoho ya ɗaga hannu. Ya ce: Malam likita, ka ce fata ta lalace, yatsu sun lanƙwashe. Mu a saninmu wannan kuturta ce.

Likita ya ce: Baba, ka yi tambaya mai kyau. Ba ku kaɗai ba ne. Likitocin Turai ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa su. An kori mutane da yawa daga gari da sunan kutare, alhali ba kutare ba ne. Sai a shekarar 1841 wani likita na birnin Biyana, mai suna Hebra, ya raba su sarai. Kuturta ƙwayar cuta ke kawo ta, wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar a 1873. Tabon kuturta yana yin fari-fari, kuma ba ya ji. A rufe wa mutum ido, a taɓa wurin da auduga, ba zai sani ba. Wurin mai ɓawo kuwa yana ji, har ƙaiƙayi yake yi. Kuturta tana da magani, kyauta ake ba da shi, wata 6 ko wata 12 a warke. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, sun daɗe da sanin aikinta. Wanda yake shakka kada ya yanke wa kansa hukunci, ya je a duba.

Ya ƙara da cewa: Ciwon fata mai ɓawo ba a ɗaukarsa. Ba a ɗaukarsa a gaisuwa, ko a ƙwaryar fura, ko a tabarma, ko a wajen aure. Babu dalilin ware wa mai shi akushi. Babu dalilin sakin mace saboda shi.

INA TUSHEN CIWON?

Likita ya ce: A nan ake so ku buɗe kunne, don wanda ya gane wannan ya gane sauran.

Allah ya sa wa jiki masu tsaro. Suna cikin jini, ido ba ya ganinsu. Aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Idan ƙaya ta soki mutum, wurin ya yi zafi, ya kumbura, su ne suka taru suna aiki. Idan sun kashe cutar, sai su watse, kumburi ya saɓe.

Ga mai wannan ciwo, masu tsaron sun rikice. Suna taruwa inda babu cuta, kuma ba su watsewa. Ku ɗauki misalin yara da aka sa tsaron gona. Akuya ta shiga, suka kore ta. To akuya ta tafi, amma yaran ba su daina gudu cikin gona ba. Suna ta jifa, suna ta tattake hatsi. Ɓarnar da suka yi ta fi ta akuya. Haka abin yake a jiki. In sun taru a fata, fata ta yi ta haihuwar ɓawo. In sun taru a gaɓa, gaɓa ta kumbura. Wani likitan birnin Faris mai suna Alibert ya lura tun 1818 cewa ɓawon fata da ciwon gaɓa suna tafiya tare.

Yanzu a duba gaɓa. Gaɓa wuri ne da ƙashi biyu suka haɗu. Bakin kowane ƙashi yana da guringuntsi mai santsi. Wata siririyar jaka ta naɗe wurin, tana fitar da ɗan ruwa mai yauƙi. Ruwan nan shi ne kamar man da ake sa wa ƙafar amalanke. Idan masu tsaro suka cika jakar, sai ta yi kauri, ruwa ya yi yawa. Gaɓa ta kumbura, ta ɗau zafi, ta ƙi lanƙwasuwa. Idan abin ya daɗe, jakar nan mai kauri tana cin guringuntsi, tana cin bakin ƙashi, kamar yadda gara ke cin ƙafar rumbu. Daga waje ana ganin rumbu tsaye. Ciki kuwa an cinye.

Akwai wuri na biyu da ciwon yake so ƙwarai, wato inda jijiya ta kama ƙashi. Duk mai jan ruwa ya san igiya ba ta fara tsinkewa a tsakiya. Wajen ƙullin guga take fara ci, don nan nauyi ke sauka. Jiki ma haka. Inda agara ta kama diddige, da tafin ƙafa, da gefen gwiwar hannu, da ƙasan ƙoƙon gwiwa, nan ne ƙarfi ke sauka. Nan kuma ciwon ke kamawa. Shi ya sa mai shi yakan ce, in ya tashi da asuba ya taka ƙasa, kamar ya taka ƙusa.

Ba duk mai ɓawon fata ne ke yin ciwon gaɓa ba. Cikin mutum 10, kamar 2 ko 3 ne. Yawanci fata ce ke rigaya, gaɓa ta biyo baya, wani lokaci bayan shekara 10. Kaɗan daga ciki gaɓa ce ke fara yi musu. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, maza da mata daidai. Wato masu ƙarfin gida, waɗanda ake ci daga hannunsu. Kuma girman ɓawo ba shi ne awo ba. Wani ɓawonsa bai fi tafin hannun jariri ba, a ɓoye cikin gashi, amma gaɓoɓinsa sun sha wuya.

ME KE TA DA SHI?

Wata tsohuwa ta ce: Ɗana, ni tun ina yarinya ake cewa sanyi ne ke shiga ƙashi. Wasu kuma su ce sammu ne, ko an taka wani abu.

Likita ya ce: Inna, gaskiya ne lokacin ɗari ciwon ya fi damun mutane. Iska ta bushe, fata ta bushe ta tsage, ɓawo ya ƙaru, gaɓa ta ƙage. Amma ɗari ba shi ya haifi ciwon ba, tarar da shi ya yi. Ku duba, gari duka ake shan ɗari, amma ba gari duka ke kumbura ba. Batun sammu kuwa, ciwon nan yana ƙasashen da ba su san maƙiyin kowa a Cake ba. Zargi yana raba zumunci, kuma ba ya saɓar da kumburi.

Ya ce abu na farko gado ne. Ba ciwon kansa ake gada ba, saukin kamuwa ake gada. Cikin masu ciwon gaɓa irin wannan, kamar 4 cikin 10 suna da ɗan uwa na jini mai ɓawon fata ko mai ciwon gaɓa. Amma uba yana iya yin shi, ɗiyansa duka su tsira. Gado kamar busasshiyar ciyawa ne. Tana nan kwance, sai an samu abin da ya kawo wuta.

Abubuwan da ke kawo wutar an san wasu. Akwai ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi, wanda bayan sati 2 ko 3 sai ƙananan ɗigo masu ɓawo su feso wa yaro ko saurayi a jiki. Akwai tashin hankali da baƙin ciki mai tsawo. Akwai ƙiba, don kitse yana ƙara rura kumburi, kuma nauyi yana danne gwiwa. Taba da giya suna ƙara ɓawon fata. Faɗuwa ko bugu a kan gaɓa yana iya zama mafari.

Sai ya tsaya a kan rauni, ya daɗe. Ya ce: Fatar mai wannan ciwo tana da wani hali. Duk inda aka yanke ta, ko aka ƙona, ko aka sosa da ƙarfi, sabon ɓawo yana iya fitowa daidai wurin, bayan kamar sati 2. To ku duba abin da ake yi in gwiwa ta kumbura. A kira wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Wani a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi. Ba raina sana'ar kowa ake yi ba. Amma ga wannan ciwo, aska ba ta kai inda yake. Jinin da ƙaho ya jawo na fata ne, ba na cikin gaɓa ba. Abin da za a samu shi ne sabon ɓawo a kan kowace tsaga. Mafi muni, ƙazanta tana iya bin tsagar ta shiga gaɓa, ta yi mugunya.

Wani saurayi ya ce: To noma fa? Ko hauya ce ke jawo shi?

Likita ya ce: A'a. Noma, da daka, da jan ruwa a rijiya mai zurfi, da saƙar tabarmar kaba, ba su ne tushen ciwon ba. Amma wurin da aiki ya fi ci, nan ciwon ya fi bayyana. Mai daka ta ji shi a wuyan hannu da kafaɗa. Mai tufkar igiya ya ji shi a yatsu. Ba a ce a bar aiki ba, zama ma yana ƙara ƙagewa. Ranar da gaɓa ta kumbura ta ɗau zafi, a rage mata nauyi. Ranar da ta lafa, a motsa ta.

Akwai kuma magunguna. Nibakin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro yana iya ta da ɓawon fata. Yanzu an canza maganin zazzaɓi. Kada kowa ya ƙi maganin zazzaɓi don wannan magana, sai dai ya gaya wa likita yana da ciwon fata. Wasu magungunan hawan jini ma haka suke, likita ya san su.

Ya ce akwai magana guda mai nauyi. Idan ɓawo ya fito wa babban mutum farat ɗaya, ya game jiki, gaɓoɓi suka kumbura da ƙarfi, likita zai nemi a auna jini don cutar sida. Sida tana tsananta wannan ciwo ƙwarai, kuma idan aka fara shan maganinta fata da gaɓoɓi suna samun sauƙi. Amma a ji da kyau: yawancin masu ɓawon fata ba su da sida. Kada a fita nan a je ana nuna mutane da baki.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Likita ya nemi alli, ya zana hannu a allo. Ya ce alama ta farko yatsa ne. Ba gaɓa ɗaya ke kumbura ba, yatsan duka ne, daga gindi har kai, ya yi kamar ƙaramin rogo. Na hannu ko na ƙafa. Sauran yatsun kusa da shi lafiya lau.

Ta biyu farce. Ya yi ƙananan ramuka, kamar an caccaka shi da tsinin allura. Ko ya yi kauri, ko ya ɗaga daga nama. Cikin masu ciwon gaɓa irin wannan, kamar 8 cikin 10 farcensu ya canza. Sau da yawa gaɓar da ke kusa da farcen ita ke kumbura. Mata masu lalle su duba farcensu kafin su ƙunsa.

Ta uku ƙagewar safe. Mutum ya tashi jikinsa a sandare, ya fi minti 30 kafin ya saki. Yana motsi yana jin sauƙi. Wani ciwon ƙugu ke ta da shi cikin dare, sai ya tashi ya zagaya tsakar gida. Wannan ya bambanta da ciwon gajiya. Ciwon gajiya aiki ke ƙara shi, hutu ya rage shi. Wannan kuwa hutu ke ƙara shi.

Sai ciwon diddige da aka faɗa, da kasala marar dalili. Sai ido. Idan ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske, gani ya dushe, wannan ba na jira ba ne. Masu tsaron nan ne suka shiga ido. A je likita ran nan, kada a ɗiga komai.

BA KOWANE KUMBURI NE NASA BA

Likita ya ce mai ɓawon fata mutum ne kamar kowa. Sauran cututtukan gaɓa ma suna samunsa. Kada a ɗora wa ciwo ɗaya laifin kowa.

Akwai cinyewar gaɓa ta tsufa da aiki. Guringuntsi ya side, kamar bakin turmi da ya daɗe. Gwiwa tana ƙara in an tashi, ciwon ya fi da marece, ƙagewar safe ba ta daɗewa.

Akwai wanda likitoci ke ce wa gut. Wani gishiri ne ke yawa a jini, ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yakan kama babban yatsan ƙafa cikin dare, ko zane ya taɓa wurin sai mutum ya yi ƙara. Masu ɓawon fata sun fi sauran mutane yin shi. Yawan nama, da kayan ciki, da giya, da lemon kwalba mai sukari suna ta da shi.

Akwai ciwon da ke sa shanu da awaki ɓari. Mutum yana ɗaukarsa a ɗanyen madara, ko wajen taimakon dabba haihuwa da hannu tsirara. Yana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare, da ciwon ƙugu da gwiwa. A tafasa madara. Ciwon sanyi na mara, in ba a yi maganinsa ba, shi ma yana sauka a gaɓa. Yaro ƙarami kuwa da hannu da ƙafa ke kumbura masa yana kuka, a auna shi don emasi, wato amosanin jini.

Amma wanda ya fi gaggawa shi ne mugunya cikin gaɓa. Gaɓa ɗaya ta kumbura cikin kwana 1 ko 2, ta yi zafi kamar wuta, mutum ba ya yarda a taɓa, ga zazzaɓi. Wannan yana iya lalata gaɓa cikin ƴan kwanaki, yana iya kisa. Ba a jiran ranar kasuwa. A ɗaura amalanke ko a nemi kabu-kabu.

DON ME AKE CEWA A YI SAURI?

Ɗalibin nan mai kumburarren yatsa ya ce: Likita, nawa yana zuwa yana tafiya. In ya saɓe sai in ce na warke.

Likita ya ce: Malam, halinsa ke nan, kuma da haka yake yaudarar mutane. Ɓawon fata in ya tafi, tabo kawai yake bari. Ƙashin da aka ci ba ya dawowa. Kusan rabin masu ciwon, cikin shekara 2 da farawa hoton ƙashi yana nuna an fara ci. Likitocin birnin Dublin, a ƙasar Ailan, sun duba majinyatansu, suka buga abin da suka gani a 2015. Waɗanda suka wuce wata 6 kafin su ga likitan gaɓoɓi sun fi sauran lalacewar ƙashi da naƙasa. Wata 6 bai kai daga shuka zuwa wata shuka ba. Wanda ya ce sai bayan damina, sannan ya ce sai an sayar da wake, ya riga ya cinye su.

Ya ce har yanzu ba a samu maganin da ke tumɓuke ciwon ba, gaskiya ke nan. Duk wanda ya ce zai raba ku da shi cikin kwana 7, kuɗinku yake so. Amma akwai maganin da ke kwantar da masu tsaron nan, kumburi ya saɓe, ƙashi ya tsira, mutum ya koma gonarsa.

Akwai masu rage zafi da kumburi, irin su ibuprofen da diklofenak. Suna taimako, amma ba su hana cin ƙashi. In an daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, suna ƙona ciki, suna lalata ƙoda. Akwai wani mai suna metotirezat, shi yana taɓa tushen, fata da gaɓa duka. Sau 1 ake shansa a sati. A sati, ba a rana ba. Wanda ya sha shi kullum yana iya mutuwa. Likita ne kaɗai ke rubuta shi, kuma ana auna jini lokaci lokaci don a duba hanta. Mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa ba su shansa. Ba a haɗa shi da giya. Yana ɗaukar sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kada a yi fushi a bari. Tun wajen shekarar 2002 an fito da wasu allurai masu ƙarfi, amma suna da tsada ƙwarai, samunsu sai manyan birane.

Daga nan ya yi kashedi a kan masu tallar magani a faranti da bayan keke. Ya ce akwai ƙananan ƙwayoyi irin deksametazon, waɗanda wasu ke sha don ƙiba. Mai ciwon gaɓa in ya sha, kwana 2 sai ya ji kamar an cire masa ƙaya. Sai ya riƙe su. Fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi taushi. Ranar da ya bari kwatsam, ɓawo yana iya game jiki duka, har da ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi, sai an kwantar da shi asibiti. Wanda ya riga ya saba da su kada ya yanke da kansa, ya kai kwalin wa likita a rage masa sannu sannu. Tramol kuwa rufe zafi kawai yake yi, gara tana nan tana ci, ga jaraba ta ƙaru.

Abin da mutum zai yi da kansa ba shi da tsada. Ya shafa man kaɗe ko basilin bayan wanka, tun jiki bai bushe ba, balle lokacin ɗari. Kada ya kankare ɓawo da dutse ko soso mai kaushi. Hantsi kaɗan yana yi wa fatar kyau, ƙunar rana tana ɓata ta. Da safe ya sa hannu cikin ruwan ɗumi, ya buɗe yatsu ya rufe. Mai ciwon diddige ya sa takalmi mai taushi. Mai taba ya bari.

YADDA ZA A JE LIKITA

Ya ce a fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa asibitin Mayahi, ko na Tasawa ga wanda ya fi kusa da can. Daga nan, in da bukata, a wuce Maraɗi ko Yamai, inda ake samun likitocin fata.

Ya ce kuskuren da aka fi yi shi ne wannan. Mutum ya zo da gwiwa, ya nuna gwiwa kawai. Ɓawon yana ƙarƙashin hula, ko kallabi, ko cikin wando, kunya ta hana shi faɗa. Likita ya ba shi maganin zafi, ya tafi. Babu awon jini guda da ke nuna wannan ciwo kai tsaye. Da ido da tambaya ake gane shi. Saboda haka a tuɓe hula, a kwance kallabi, a nuna farce, a faɗi in akwai mai irinsa a dangi. Mace in tana jin nauyi, ta nemi ma'aikaciya mace ta duba ta. In kumburin mai zuwa yana tafiya ne, a sa mai salula ya ɗauki hotonsa ranar da ya tashi.

Sai ya juya wajen malamin manya, ya ce: Malam, ga inda karatunku zai yi rana. Majinyaci yakan zo, a tambaye shi yaushe ciwo ya fara, ya ce ya daɗe. Wane magani ya sha, ya ce wani ja da wani fari. Wanda ya iya rubutu ya wuce nan. Ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar da gaɓa ta kumbura, da wace gaɓa ce, da ranar da ta saɓe. Ya rubuta ko ƙagewar safe ta kai hantsi. Ya kwafi sunan kowane magani daga jikin kwali, harafi harafi. Mai shan metotirezat ya zaɓi rana ɗaya, misali Juma'a, ya riƙa yin alama duk ranar da ya sha.

Malam ya raba allo gida huɗu: rana, gaɓa, ƙagewar safe, magani. Ɗalibai suka kwafa a littattafansu. Mai kumburarren yatsa maƙwabcinsa ya rubuta masa, likita kuma ya ba shi takardar zuwa asibitin Mayahi.